Amanar Dontrell

Tunstall, Mississippi
16 ga Janairu, 1994

Ɗana Lucius,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kun koma Kwalejin Bascom lafiya kai da maigidanka Koci Hargrove, ka kuma tarar da Renita da jikokina lafiya. Ni ƙalau nake, sai gwiwar nan da ba ta shiri da sanyi.

Za ka ce me ya hana ni buga waya. Maganar waya iska ce, ni kuwa ina so abin da aka faɗa a teburina ranar Alhamis ya zauna a takarda.

Ka san koci huɗu suka zauna a falon Verlene Maybry suna neman ɗanta Dontrell ya buga wa kwalejojinsu ƙwallon Amurka, duk ta sallame su da kofi da godiya. Ba don sunan Bascom ta zo gidana ba. Ba kuma don maigidanka ba, wanda ya cinye tarwaɗa uku da rabin burodin masara, ya kira ta Darlene har sau biyu. Ta zo ne don shekara talatin muna zama a benci ɗaya a majami'a, kuma ni na ce mata ta zo.

Da Hargrove ya fita mota shan taba, ta faɗa maka abin da ba ta faɗa wa sauran ba. Yaron ya gaji jinin sikila ta wajen ubansa. Ba mai kwantarwa ba ne, amma in rana ta yi zafi aka matsa masa gudu, ƙafafunsa sukan ɗaure, sau biyu yana faɗuwa a filin sakandare. Ga amsar da ka ba ta, ban rage ba ban ƙara ba:

“Anti Verlene, kada ki sa wannan a takardar lafiya. In likitansu ya gani, za su janye gurbin karatun kyautan. Ni ne kocin masu gudu da ƙwallo, kullum yana gabana. Da na ga ya fara jan ƙafa zan zaunar da shi a inuwa. Shekara huɗu a hannuna yake.”

Ta juyo ta dube ni. Na ce mata jinin ubanka Cleophus Tolliver ne kai, ba ka ƙarya. Da haka ta ɗauki biro ta rubuta “babu” a gaban tambayar.

Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Ƙarya ƙarya ce ko an yi ta don alheri. Na yarda ne don matar nan wanki take yi a asibiti, in ba ta wannan ƙofar ba yaron ba zai ga cikin kwaleji ba. Ubanka ya yi shekara goma sha tara yana babban koci a makarantar baƙaƙen fata ta garin nan, bai taɓa komawa gida ba sai ya ga kowane yaro ya shiga ƙofar uwarsa. Alkawari kaya ne, Lucius. Ka ɗauka a gabana, da sunana kuma aka ɗaure shi.

Ka gaida Renita. Ka ce wa Jarvis na ga sakamakon lissafinsa, ban ji daɗi ba.

Mahaifiyarka,
Ardella Tolliver

Bascom, Arkansas
6 ga Fabrairu, 1994

Mama, Alƙaliyar Tunstall,

Na gaishe ki da girmamawa, tare da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Huɗuba ta iso, na karanta a tsaye kamar yadda aka koya mini.

Dontrell ya sa hannu a takardar shiga Bascom ranar Laraba tare da sauran yara ashirin da uku. An ce Anti Verlene ta yi kuka da aka ɗora masa hular Bascom. Ni ma na ji daɗi, yaron yana da ƙafa irin wadda ban gani ba cikin shekara biyar.

Ga wani labari kuma, ki zauna kafin ki karanta. Ranar Juma'a Kwalejin Wexler da ke Ohio suka kira ni. Sun ba ni shugabancin ɓangaren kai hari gaba ɗaya, wato daga babban koci sai ni. Abin ya zo kwatsam, kuma suna so in fara nan da mako guda. Na karɓa.

Mama, shekara goma sha biyu ke nan tun da gwiwata ta fashe na ajiye hular kwano. Na yi shekara biyu ina yanka fim ɗin wasa ina wanke safar 'yan wasa ba albashi. Gari bakwai muka zauna. Sau biyu ana korar maigida a kore mu tare da shi a rana ɗaya, sau ɗaya ma Renita tana da cikin wata takwas. Kullum aikin da ake ba irina ɗaya ne: je ka shiga gidajen baƙaƙen fata ka ci abinci ka kawo mana yaransu, tsara wasa kuwa ka bar wa masu ƙwaƙwalwa. Yau an miƙo mini allo da alli. Ki yi mini murna.

Kada ki damu da Dontrell, akwai mutanen kirki a nan. Yara suna gaishe ki.

Ɗanki,
Lucius

Tunstall
13 ga Fabrairu, 1994

Lucius Tolliver,

Ina gaishe ka, don gaisuwa wajibi ce. Murna kuwa ban same ta ba tukuna.

Kafin wasiƙarka ta iso Verlene ta ji a rediyo. Yau bayan sujada ta tsare ni a bakin matakala, Dontrell yana bayanta da hular nan a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya Ardella, an ce in yaro ya sa hannu ba ya iya canza kwaleji sai ya zauna shekara guda ba wasa. Shi koci fa, zaman shekara nawa yake yi?” Ni da aka sani da amsa a baki, sai na sauka matakala na kama hanyar gida.

Mutanen kirkin da ka ce suna Bascom, wane ne a cikinsu ya san abin da ke jinin yaron? Mutum ɗaya ne ya sani, shi ne ke ɗaure kaya. Ka sa uwa ta ɓoye abu don kai za ka tsaya a madadin takardar. Yanzu ba kai, takarda kuma tana cewa babu.

Ban ce ka ƙi aikin ba, na san wahalar da kuka sha. Abin da nake so ɗaya ne. Ka rubuta wa mai kula da lafiyar 'yan wasa, wannan Mista Pruitt da ka ce mutumin kirki ne, ka gaya masa gaskiya duka, har da cewa kai ka ba da shawarar a ɓoye. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Allah ya kai ku Ohio lafiya.

Mahaifiyarka,
Ardella

Wexler, Ohio
20 ga Maris, 1994

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ki yafe mini jinkiri, atisayen bazara ya sha kaina. Ƙanƙara har yanzu ba ta narke ba a nan, Renita ta ce na kawo ta cikin firji.

Ba ki san yadda aikin nan yake ba. In na rubuta cewa na sa an ɓoye ciwo a takardar lafiya, ba Bascom kaɗai za ta ji ba. Kocin ƙasar nan kaf sun san juna, wannan ya yi wa wancan yaro, wancan surukin wannan ne. Kafin mako ya zagayo sunana ya gama yawo. Shi kuma Dontrell za su ce masa ya kwashe kayansa, don gurbin karatu shekara-shekara ake sabunta shi. Kin ga an yi biyu babu.

Kullum kina kawo mini Baba. Ni ma ina wurin. Ina ɗan shekara goma aka haɗe makarantun baƙaƙe da na farare, aka ɗauki kujerar babban koci aka ba wani farar fata ɗan shekara ashirin da shida, aka ce Baba ya zama mataimakinsa. Baba ya ce ba zai bar yaransa ba. Shekara goma sha huɗu yana tuƙa musu bas yana jera musu kofin ruwa, yaron da bai san rabin abin da Baba ya manta ba yana kiransa Cleo a gaban 'yan wasa. Ranar jana'izarsa ko fure makarantar ba ta aiko ba. Wannan ne ladan mai tsayawa wuri ɗaya, Mama. Na rantse ba zan mutu da makullin bas a aljihu ba.

Duk da haka na ji maganarki. Ba a fara gudu mai tsanani sai watan Agusta. Kafin nan zan rubuta wa Pruitt ta yadda ba za a cutar da kowa ba. Yau ma zan zauna a kanta. Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki mai biyayya,
Lucius

Tunstall
24 ga Yuli, 1994

Lucius,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙa uku na aika tun Afrilu, amsar da na samu katin ranar iyaye mata ne da rubutun Renita. In na buga waya a ce kana fili.

Zafin bana ya wuce misali, masarar bayan gida ta ƙone a tsaye. Dontrell zai tafi Bascom ranar shida ga Agusta. Jiya ya zo ya yanke mini ciyawa, ya ƙi karɓar komai sai ruwan lemo. Na tambaye shi ko sabon kocinsa, wani Dunleavy, ya yi masa maganar lafiyarsa. Ya yi dariya ya ce, “Kaka, mutumin nan soja ne a da. Cewa ya yi ruwa na masu rauni ne, inuwa kuma ta shanu ce.” Ya ce Koci Tolliver ya gaya masa ta waya an gyara komai, shi dai ya riƙa shan ruwa da yawa da safe.

An gyara ɗin? Ka aika wa Pruitt? E ko a'a nake so.

Ban ɓoye maka ba, na ɗauki biro zan rubuta masa da kaina. Na je na gaya wa Verlene tukuna. Ta riƙe hannuna ta ce in rufa mata asiri, in suka sani za su maido mata shi, ya ƙare a masana'antar yanka kifi kamar ubansa. Ta ce ai Lucius ya ce ya gyara. Sai na mayar da biron cikin jaka. Na ce ɗana ne, in ban yarda da shi ba wa zai yarda.

Game da ubanka, ka ga bas ɗin amma ba ka ga abin da ke ciki ba. Shekara talatin da uku, ba uwar da ta taɓa zuwa ƙofarmu tana tambayar ina ɗanta.

Ina jiran amsa.

Mahaifiyarka,
Ardella

Tunstall
21 ga Agusta, 1994

Lucius,

Ina gaishe ka. Jiya muka binne Dontrell.

Na san an gaya maka ta waya, amma ba a gaya maka yadda abokin ɗakinsa ya ba mu labari ba, don haka ka karanta. Ranar Juma'a goma sha biyu ga wata, atisaye na biyu, ƙarfe uku na rana. Wani ya saki ƙwallo, Dunleavy ya sa masu gudu duka su yi ta zagaya fili a matsayin horo, da hular kwano da komai. A zagaye na tara Dontrell ya durƙusa ya ce ƙafafunsa sun ɗaure. Aka ce sabon shiga ne, lalaci ne, a ɗaga shi. Abokansa biyu suka riƙe shi ya ƙara zagaye biyu. Pruitt yana can gefe yana naɗe wa wani idon sawu, don ba wanda ya taɓa ce masa ya sa ido a kan yaron nan. Kafin motar asibiti ta iso ya daina magana.

Furenka ya iso, shi ne mafi girma a majami'ar. An rasa inda za a ajiye shi, aka jingine shi a bakin ƙofa, kowa sai ya raɓa shi zai shiga.

Hargrove ya zo da baƙar kwat, ya tsaya a gaban akwatin ya ce da sun sani da ba haka ba, amma takardar lafiyar da iyali suka cike ba ta nuna komai ba. A gaban uwar ya faɗi haka, kuma wannan karon bai manta sunanta ba. Ta sunkuyar da kai. Ni ina gefenta, ban buɗe baki ba.

Yanzu maganar da ke yawo a gari ke nan, wai Verlene ta ɓoye ciwon ɗanta don kwaɗayin ya zama tauraro. A shagon gyaran gashi na ji wata tana cewa uwa ta sayar da ɗanta. Yau bencinmu ni kaɗai ce a kai. Kwalejin ta kafa kwamiti, za su zauna ranar ashirin ga Satumba, sun aiko mata da takarda ta je ta yi bayani. Ta ce mini ba za ta ambaci sunanka ba, hannunta ne ya rubuta.

Har yanzu ba ka amsa mini ba. Ka aika ko ba ka aika ba?

Ardella

Wexler, Ohio
4 ga Satumba, 1994

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi, ina kuma yi miki ta'aziyya. Yara suna lafiya. Lucius bai san ina rubuta wannan ba, amma zan gaya masa da zarar na jefa ta a akwatin gidan waya.

Na ga wasiƙunki a aljihun tebur, na karanta, ki gafarce ni. Akwai abu biyu da ya kamata ki sani.

Aikin Wexler bai zo kwatsam ba. Tun tara ga Disamba aka gama magana, kafin Kirsimeti ma mun zo mun zaɓi gidan nan. Koci Hargrove ya sani. Shi ya roƙi Lucius ya yi shiru har yara su sa hannu, don in aka ji zai tafi, yara shida da ya nemo za su watse. Wexler ma suka yarda su jira. Haka ake yi ko'ina, Mama, mu matan koci mun saba, a watan Janairu ba a tambayar kowa me ya sa take tara kwalaye. Ranar da Lucius da Hargrove suka ci abinci a teburinki, rabin kayan kicin ɗina suna cikin kwali.

Na biyu yana cikin ambulan ɗin nan. Jiya ina neman takardar inshora a aljihun mota na same ta. Wasiƙar Lucius ce zuwa ga Mista Pruitt, da kwanan watan ashirin ga Maris, da kan sarki a manne. Na buɗe. Ya faɗi komai a ciki, bai ɓoye laifinsa ba. Wata biyar yana yawo da ita, kullum yana wuce gidan waya a hanyarsa ta zuwa fili.

Ba mugu ba ne, kin fi ni sani. Tun ranar da Dontrell ya rasu ba ya cin abinci sai a tsaye, ba ya iya kallon Jarvis in yana gudu a tsakar gida. Jiya sun ci wasansu na farko, mutum dubu arba'in suna ihu, ya dawo ya zauna a mota a ƙofar gida har abinci ya huce.

Na gaji da ɗaure kaya, Mama, na so a ce wannan ne gidan ƙarshe. Amma ni ma uwa ce. Ban san abin da za ki yi da takardar ba, na dai san ba zan iya mayar da ita cikin motar ba.

Surukarki,
Renita

Wexler
11 ga Satumba, 1994

Mama,

Ina gaishe ki. Renita ta gaya mini.

Ba ni da abin kare kaina. Kullum ina cewa gobe, in an gama atisayen bazara, in na ɗan kafu. Da Yuli ya zo na ce wa kaina yaron ya ƙara girma, ƙila abin ya bar shi.

Ina roƙonki ki ƙona takardar. Ba za ta tashe shi ba. In ta isa gaban kwamitin nan, na gama aikin koci har abada, ko a sakandare ba mai ɗaukata. Hargrove zai ce bai san komai game da jinin ba, kuma gaskiya ne, zai ci gaba da aikinsa. Dunleavy ma haka. Ni kaɗai zan faɗi, gobe kuma in wani baƙar fata ya nemi irin kujerata a ce a tuna da Tolliver. Mun ci wasa biyu a jere. Ki tuna da Jarvis da ƙanwarsa. Zan kula da Anti Verlene har ƙarshen ranta, ba za ta ƙara wanke zanen asibiti ba.

Kuma Mama, ban so in faɗa ba, amma ke ma kina teburin. Ba ni ta kalla ba kafin ta rubuta.

Ɗanki,
Lucius

Tunstall
16 ga Satumba, 1994

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji.

Gaskiya ka faɗa, ni ta kalla. Shi ya sa bayanin da na rubuta wa kwamiti da sunana ya fara, naka ne na biyu.

Na kai wa Verlene wasiƙarka ta Pruitt, ta karanta sau biyu. Na gaya mata abin da ka ce za ka yi mata. Ta ce a gode maka, wankin bai dame ta ba.

Ranar Talata da ni da ita za mu hau bas ɗin ƙarfe shida zuwa Bascom. Kwamiti zai zauna ƙarfe biyu. Na tambayi Fasto, ya ce daga Ohio tafiyar yini ɗaya ce a mota. In na tarar da kai a bakin ƙofa, takardar za ta zauna a jakata, ka shiga ka faɗa da bakinka. In ban gan ka ba, zan karanta musu ita da muryata.

Ko ta yaya ta ƙare, na share ɗakinka, na sa gado biyu a ɗakin ɗinki saboda yara.

Allah ya yi mana gafara, ni da kai.

Mahaifiyarka,
Ardella Tolliver